Babi na Shida: Yaran da Ba a Yi wa Kallo na Biyu

A watan Afrilun 2025 gwamnan Jihar Neja, Mohammed Umaru Bago, ya hana 'yan acaba da masu Keke zirga-zirga a cikin Minna daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe. A zaman da ya sanar da haka ne kuma ya ce a kama samari masu tara gashi suna murɗe shi, a aske su. Maganar gashin ce ta karaɗe Najeriya, har gwamnan ya fito daga baya ya yi bayanin cewa ɓata-gari yake nufi, ba duk mai irin wannan gashi ba. Amma duk mazaunin Minna ya san abin da ya jawo dokar. Faɗan samari, unguwa da unguwa, ya daɗe yana cin rayuka. Sunaye irin su Limawa da Unguwar Daji da Barkin Sale da Soje da Kpakungu sun yi ta fitowa a labarai, alhali yawancin mutanen waɗannan unguwanni masu neman halalinsu ne, kuma su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar abin.

Hoto biyu kacal muke da shi na waɗannan yara. Na farko, an zaunar da su a ƙasa a harabar 'yan sanda, ba riga, an jera adduna da gariyo da ƙwayoyi a gabansu. Na biyu, bidiyon waya mai karkarwa da wani ya ɗauka ta taga, ana gudu ana ihu. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun ba sa wuce minti ɗaya. Daga nan sai hukunci: ɗan daba ne, ɗan ƙwaya ne, Allah ya shirya. Ba wanda ya ga inda yaron ya kwana, ko abin da ya ci, ko wanda ya fara miƙa masa wuƙar.

Akwai wani reshe na fim da aka gina kacokan a kan wannan gurbi. Aikinsa shi ne ya tsaya da kai a gaban irin wannan yaro na awa ɗaya da rabi, har ka san muryarsa kafin ka yanke masa hukunci. Wannan babi a kansa yake, da kuma dalilin da ya sa nake ganin Minna na bukatarsa.

Fim na mai ƙaramin ƙarfi

Idan an ce fim mai zaman kansa, ana nufin wanda aka yi ba da kuɗin babban kamfani ko na gwamnati ba, don haka ba mai tilasta wa mai shi ya sa fitaccen jarumi ko ya ƙare labari da ɗaurin aure. Rashin kuɗin ne ya koya wa masu yinsa dabarunsu. Ba halin gina unguwar ƙarya, sai a fita unguwar gaske. Ba halin biyan jarumai, sai a ɗauki mutanen da aka tarar a wurin. Ba manyan fitilu, sai a jira rana.

A Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Vittorio De Sica ya yi Sciuscià a 1946 a kan yara biyu masu goge takalma a birnin Rum da suka ƙare a gidan yarin ƙananan yara. A 1950 Luis Buñuel ya yi Los Olvidados a ƙazaman unguwannin birnin Meziko. Mutanen ƙasar da yawa sun fusata suka ce ya tozarta su, sai da fim ɗin ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa kafin a sake masa kallon mutunci a gida. A 1995 Mathieu Kassovitz ya yi La Haine, kwana guda a rayuwar samari uku a unguwannin bayan garin Faris. A Maroko, Nabil Ayouch ya yi Ali Zaoua a shekarar 2000 da yaran titin Kasabalanka, labarin abokai uku da suka ɗaura aniyar yi wa abokinsu da aka kashe jana'izar mutunci. Tsotsi na Afirka ta Kudu ya ci kyautar Oscar a 2006.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan harkar nesa ce. To, ba nesa ba ce. Ɗaya daga cikin tubalan ginin wannan fanni, maƙwabtanmu 'yan Nijar ne suka aza shi.

Ɗan dakon Abijan

Oumarou Ganda an haife shi a Yamai a 1935. Yana matashi ƙwarai ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochina. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun dubban 'yan cirani zuwa Abijan, ya zama lebura a tashar jiragen ruwa, yana kwana a unguwar Treichville. A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu wanda ke yawo da ƙaramar kyamara. Abin da suka haifa shi ne Moi, un noir na 1958, wanda ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin lura. Kyamarar ba ta ɗaukar murya. Rouch ya bi samarin yana ɗaukar hotonsu suna neman aikin yini, suna cin abinci, suna rawa ranar Asabar, suna faɗa. Bayan an gama, sai aka kunna wa Ganda hotunan, aka ba shi makirfo, ya yi ta magana a kai yadda ta zo masa. Saboda haka muryar da mai kallo ke ji tana fassara rayuwar leburan, ta leburan ce da kansa. Samarin kuwa duk sun ari sunayen jaruman silima: Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, wani Tarzan, budurwar da ake so Dorothy Lamour. Duk wanda ya san yadda samarin unguwanninmu ke laƙaba wa kansu sunayen 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'yan daban finafinai zai gane abin nan take. Yaron da ba a san shi da komai ba yakan nemi suna mai nauyi ya rataya.

Kusa da ƙarshen fim ɗin, Ganda na tafiya a bakin ruwa da wani ƙaramin yaro, yana ba shi labarin yaƙin da ya yi. Sai ya faɗi ƙasa rub da ciki, ya yi kamar yana harbi, ya yi kamar yana jefa gurneti, ya tashi ya ci gaba da tafiya hannu wofi. Ba kiɗan tausayi, ba mai sharhi. Mai kallo da kansa yake haɗa lissafin: ga mutumin da ya sa ransa a yaƙin wasu, ga shi yau ba shi da tabbacin abincin dare.

Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba. Ya koma Yamai ya koyi aikin, ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida abokai suka cinye masa kuɗi suka watse, aka nuna shi a Cannes a 1969. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ɗauki babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Ya rasu a 1981. Yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, kuma kyautar da FESPACO ke ba wa fim ɗin farko na sabon darakta sunansa take ɗauke da shi. A zamanin ne kuma Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Kusan shekara sittin ke nan da wani ɗan Nijar ya riga ya yi tambayar da iyaye ke yi yau game da abin da yara ke kwaikwayo daga allo.

Kara-Kara

Misali mafi kusa da halin da Minna ke ciki yana Damagaram. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar garin, ta fitar da fim na gaskiya mai suna Zinder, aka fara nuna shi a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwizalan. Da Hausa ake magana a cikinsa. Ta ɗauke shi a Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da sauran waɗanda gari ya tsangwama, inda ƙungiyoyin samari da ake kira fale suka yi ƙarfi. Jikokin waɗanda aka ware ne suka tashi ba makaranta, ba takardar haihuwa ga da yawansu, ba aikin yi, sai ƙarfin damtse.

Mutum uku fim ɗin ya fi bi. Akwai jagoran wata ƙungiya da ta sa wa kanta sunan Hitler, masu ɗaga ƙarfe, wanda burinsa shi ne ya mayar da yaransa kamfanin masu gadi. Akwai tsohon shugaban daba da ya tuba ya koma tuƙin haya, yana faɗin abubuwan da ya aikata da bakinsa, kuma a bayyane yake ba su bar shi ya huta ba. Akwai mai fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya, sana'ar da kowace tafiya a cikinta kasada ce da rai. Macky ba ta wanke kowa ba. Ana ganin tabon sara a jikinsu a kusa, ana jin maganar fyaɗe da kisa. Amma ana kuma ganin mutum yana lissafin kuɗin abinci, yana tsoron abin da ɗansa zai zama.

Abin da ya sa ta iya shi ne 'yar gari ce, harshensu ɗaya, kuma ta ɗauki lokaci mai tsawo tana zuwa kafin su saki jiki. Baƙon da ya sauka da kyamara ya kwana biyu ya tafi, abin da zai samu shi ne abin da yaran suka saba nuna wa baƙo: zare ido da wasa da wuƙa. Sauran rayuwar sai wanda ya zauna.

Bashin da ke kan mai kyamara

Ba a rufe wannan magana ba tare da an faɗi ɓangarenta mai ɗaci ba. A 1980 Héctor Babenco ya yi Pixote a Burazil, ya ɗauko wani yaron talakawa daga gefen São Paulo, Fernando Ramos da Silva, ya ba shi jagorancin fim ɗin. Duniya ta yaba. Yaron ya gwada ci gaba da wasan kwaikwayo, ƙarancin karatu ya taka masa birki, ya koma unguwarsu. A 1987 'yan sanda suka harbe shi, yana da shekara 19.

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa da yawa ba su san Salaam Bombay! na Mira Nair ba, domin ba shi da raye-rayen da aka saba. Ya fito a 1988, labarin yaro mai kai shayi da ke ƙoƙarin tara rufi 500 don ya koma wurin uwarsa, kullum ya kusa sai wani abu ya cinye kuɗin. Yaran titi na gaske ne suka yi wasan bayan an horar da su, kuma fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin farko a Cannes. Daga ribarsa aka kafa gidauniyar Salaam Baalak, wadda har yau take kula da yaran titi. Duk da haka, Shafiq Syed, yaron da ya ja fim ɗin har ya sami kyautar ƙasa, daga baya a tuƙin a-daidaita-sahu ya sami abincinsa a birnin Bangalore. Sana'a ce ta halal, amma tana nuna cewa tafin 'yan kallo ba ya sauya wa yaro rayuwa shi kaɗai.

Wanda ya ɗauki fuskar yaro da sirrinsa ya kai duniya, ya ci bashi. Hanya ɗaya ta rage wannan bashi an gwada ta a Kano a farkon shekarun 2010, lokacin da wasu almajirai, da taimakon mai bincike Hannah Hoechner da cibiyar Goethe ta Jamus, suka yi Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Abin da suka zaɓa su nuna shi ne aikatau a gidajen masu hali, da wulaƙancin da ake musu, da kuma ƙaunarsu ga karatun da ya kawo su birni. Wanda ke kallonsu daga cikin mota ba zai taɓa tsara labarin haka ba.

Me ya hana mu?

Kannywood, tun daga Turmin Danya na 1990, ta fi ƙarfi a labarin cikin gida: soyayya, kishi, gado, auren dole. Kasuwa ce ta tsara haka, domin wanda ya zuba kuɗinsa yana son su dawo. Ɗan daba yakan fito, amma galibi a matsayin ɗan aiken mugun Alhaji, ya yi ɓarna a kama shi. Da finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, labaran daba sun ƙaru, wasunsu kuwa sun mayar da sara da suka abin burgewa. A 2021 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Fargabar hukumar tana da tushe. Yaro yana kwaikwayon abin da ya ga an ɗaukaka. Sai dai dokar da ta hana nuna abu gaba ɗaya tana haɗa mai tallar daba da mai binciken ta a kwando ɗaya. Da a ƙarƙashin irin wannan doka Macky take, da ba mu ga Kara-Kara ba.

Wannan ja-in-ja tsoho ne, kuma wani ɗan Minna ya taɓa shiga tsakiyarsa. A nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921. Littafinsa People of the City na 1954, labarin ɗan jarida mai bin labaran laifi da rana yana kaɗe-kaɗe da dare, yana cikin na farko da suka ɗauki birnin Afirka na zamani da muhimmanci. Da ya fitar da Jagua Nana a 1961, labarin wata mace mai zaman kanta a Legas, wani kamfanin Italiya ya so mayar da shi fim, sai surutu ya tashi har majalisar tarayya a kan cewa zai zubar da mutuncin ƙasa, aikin ya mutu. Littafin na nan ana karantawa, rayuwar da ya bayyana ma ba ta gushe ba don an hana ɗaukar ta.

Abin da Minna ke da shi

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya a kan ƙasar Gwari, ya zama babban birnin jiha a 1976, ya tara Gwari da Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo. A shekarun nan kuma ya karɓi wasu baƙin da ba su zo don son ransu ba. Hare-haren 'yan bindiga a Shiroro da Munya da Rafi sun koro ƙauyuka. A 2021 har makarantar firamare ta IBB da ke cikin gari ta zama sansanin 'yan gudun hijira. Yaron da ya iso garin yana da shekara goma a lokacin, yanzu ya tasa. Gonar ubansa na hannun ɓarayin daji, makaranta ta wuce shi, kuma dole wani ya karɓe shi: ko mai gareji, ko malami, ko babban yaron unguwa mai ba da kariya da ƙwaya.

Mutum ya tsaya a shataletalen Kpakungu da la'asar sakaliya ya kalli yaro ɗaya kawai, kada ya ɗauke ido. Yana rataye a ƙofar mota yana kiran fasinjan Bida har muryarsa ta dushe. Mota ta cika, direba ya miƙo masa 'yan canji ta taga ba tare da ya dube shi ba. Ya ƙirga, ya ware wani abu ya kai wa wani babba da ke zaune a kan benci, wanda bai ɗaga ko jaka ɗaya ba. Abin da ya rage ya sayi ruwan leda da ƙosai, ya ci rabi, ya naɗe rabi ya cusa a aljihu. Wa zai kai wa? Amsar wannan tambaya ita ce fim ɗin, kuma ba a bukatar ko digon jini a cikinsa.

Masu iya rubuta shi suna nan. Garin da aka haifi Ekwensi da Ben Okri, inda Abubakar Gimba ya yi rayuwarsa ta rubutu, inda B. M. Dzukogi ya kafa gidauniyar Hill-Top da ke horar da matasan marubuta tun suna sakandare, ba zai rasa mai tsara labari ba. Ga ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano da suka iya sarrafa hoto da sauti a kwamfuta. Kayan aiki ma sun daina zama uzuri: a Kaduna, nan kusa, wasu samari da ke kiran kansu The Critics sun yi suna a duniya a 2019 da gajerun finafinan da suka ɗauka da wayar hannu, har fitaccen daraktan Amurka J. J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki.

Abin da ya rage shi ne haƙuri da amana. Mai son yin wannan aiki ya fara da mai unguwa da iyaye mata, domin su ne za su zauna da abin da fim ɗin zai jawo. Ya bar yaran su yi magana da Hausarsu ta tasha, mai gauraye da Nufanci da Gwaranci da Turancin buroka, kada ya gyara musu baki. Kada ya ɗauki fuskar da za ta kai mai ita hannun abokan gaba. Ya je wurin wanda aka sara da uwar wanda aka kashe, ya ba su lokaci daidai da wanda ya ba mai addar, domin fim ɗin da ya manta da su ƙarya ce. Idan ya gama, ya fara haska shi a filin makarantar unguwar, a gaban waɗanda ke ciki, kafin ya aika da shi Legas ko Wagadugu. Kuma tun ranar farko ya sa yaro ɗaya ko biyu a bayan kyamara, su riƙe makirfo, su koyi haɗa hoto, a rubuta sunansu a ƙarshe, a biya su.

Fim ba zai maye gurbin makaranta ko aikin yi ko ɗan sanda mai adalci ba. Amma masu tsara waɗannan abubuwa mutane ne, kuma abin da suka ɗauka yaron yake shi ke jagorantar abin da za su yi masa. Ma'aunin irin wannan fim guda biyu ne: ko mai kallo ya fita yana tambayar abin da bai taɓa tambaya ba, da kuma inda yaran da ke cikinsa suke bayan shekara goma. Tarihin fannin ya nuna mana ƙarshen Fernando, ya kuma nuna mana ƙarshen Ganda. Wanda zai ɗauki kyamara ya shiga Limawa ko Kpakungu ya san cewa yana da hannu a wanda za a maimaita daga cikin biyun.